Ko Kun Sani?

A jami'o'in Amurka, kowane aji na digirin farko da sunan da ake kiran ɗalibansa. Ɗan shekarar farko shi ne "freshman", na biyu "sophomore", na uku "junior", na huɗu kuma "senior". Haka ma ake kiran 'yan sakandaren ƙasar, daga aji 9 zuwa 12.

Tushen sunayen daga tsofaffin jami'o'in Ingila ne, musamman Kambirij, inda ake kiran ɗalibin da ya kai matsayin shiga muhawara "sophister". Har gobe Kwalejin Trinity da ke Dublin tana kiran 'yan aji uku da huɗu "junior sophister" da "senior sophister". Shi kuwa "sophomore", an fi danganta shi da kalmomin Girkanci biyu, "mai hikima" da "wawa", wato shaguɓe ga mai ɗan sani da yake jin ya ƙure malamai.

A Birtaniya yanzu sabon shiga "fresher" ne, ɗan ajin ƙarshe "finalist". A Najeriya kuwa sabon ɗalibi Jambito ne, daga sunan JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a da aka kafa a 1978.