Duba, fuska da gaskiya a wasan Macbeth na Shakespeare

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wasan kwaikwayon Macbeth, wanda William Shakespeare ya rubuta a Ingila wajajen shekarar 1606, aka fara buga shi a 1623, ya nuna inda wannan karin magana ke gazawa.

Macbeth jarumi ne a rundunar Sarki Duncan na ƙasar Sikotland. Yana dawowa daga fagen fama tare da abokinsa Banquo, sai suka gamu da bokaye mata uku. Suka shaida wa Macbeth cewa zai sami sarautar Cawdor, daga baya kuma ya zama sarki, Banquo kuwa zuriyarsa ce za ta yi mulki. Ba a daɗe ba aka naɗa shi sarautar farko. Cikar wannan duba ce ta sa ya gaskata sauran.

Sai dai bokayen ba su ce ya kashe kowa ba. Shi da matarsa ne suka ƙulla makirci, suka tarbi Duncan a gidansu da fara'a, suka kashe shi yana barci. Kyan ɗan maciji ke nan. Duncan ya riga ya amsa cewa ba a gane zuciyar mutum daga fuskarsa, amma ya sake amincewa da wanda zai ci amanarsa.

Da tsoro ya kama Macbeth bayan hawansa mulki, sai ya koma wurin bokayen. Aka gargaɗe shi game da Macduff, aka kuma ba shi tabbaci biyu: wanda mace ta haifa ba zai iya cutar da shi ba, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Birnam ya taso zuwa tudun Dunsinane. Ya riƙe masu daɗin ji, ya saki jiki.

Duka biyun sun cika ta hanyar da bai zata ba. Mayaƙan Malcolm, ɗan Duncan, sun sari rassan itatuwan Birnam suka ɓuya a bayansu, dajin ya zama kamar yana tafiya. Macduff kuwa farke cikin mahaifiyarsa aka yi aka ciro shi, kuma shi ne ya kashe Macbeth.

Jigon ya dace da zamaninsa. Sarki James na Ɗaya, wanda ya hau gadon Ingila a 1603, ya wallafa littafi kan maita a 1597, kuma ana danganta nasabarsa da Banquo. Macbeth na tarihi ya mulki Sikotland daga 1040 zuwa 1057, kuma a fagen yaƙi Duncan ya mutu.

Wasan ya samu karɓuwa a Afirka: Welcome Msomi ya mayar da shi harshen Zulu da sunan uMabatha a 1970. Dalili a bayyane yake. Duk inda mai neman mulki ke zuwa wurin mai duba don jin abin da ransa ke so, labarin Macbeth bai tsufa ba.