Kafin Dashen Tumatir, A Dubi Saiwar Kuɓewa

A ƙarshen Satumba, yayin da damina ke bankwana da Kaduna, masu lambun bayan gida a Malali da Unguwar Rimi sukan tsinke ragowar kuɓewa, su yi haramar dashen tumatir, mai son sanyin hunturu. Garaje a nan hasara ce. Idan aka tuge kuɓewa aka ga saiwarta ta kumbura ƙulli-ƙulli, aikin tsutsar nematod ne, wadda ido ba ya iya gani. Takan toshe hanyoyin ruwa cikin saiwa, shuka ta yi yaushi ko ana ban ruwa. Tumatir da gauta kuwa abincinta ne. Sai a ƙone saiwar, a kafce ƙasar rana ta gasa ta, a kai tumatir wani fangali. Wannan kuwa a ba albasa, wadda tsutsar ba ta cika damunta ba.