Tashi Daga Unguwa a Lokacin Hutu da Sallah

A biranen Arewa irin su Kano, Kaduna da Zariya, magidanta da yawa kan jinkirta sauya gida har sai an yi hutu, kuma yara ne babban dalili. Dogon hutun makarantun boko, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, shi ne lokacin da za a cire yaro daga wata makaranta a kai shi wata ba tare da zango ya wuce shi ba. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ma yakan yi gaba shi kaɗai, iyali su biyo shi idan an rufe makarantu. Wasu kuwa hutun Sallah ko na Disamba suke jira, saboda a nan ne ake samun 'yan'uwa masu taya kwashe kaya.

Ba kowa ne ke da zaɓin rana ba. Hayar gida a Najeriya galibi ta shekara ce, ranar cikarta kuwa ba ruwanta da Sallah. A dokar da ke aiki a Abuja, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu dabam ba, mai hayar shekara yana da haƙƙin a ba shi notis na wata 6, mai biyan wata-wata kuma na wata guda. Bayan wa'adin ya cika akwai ƙarin notis na kwana 7 kafin mai gida ya je kotu. Jihohi suna da nasu dokokin masu kama da wannan.

Lokacin hutu yana da tasa wahalar. Dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, katifar da ruwan Agusta ya daka a bayan a-kori-kura kuwa ta gama yawo, don haka tamfol dole ne. Jajibirin Sallah kuma kuɗin mota kan hau, ga shi dama sufuri ya yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A haɗa wannan da kuɗin sabuwar haya, da la'adar dillali wadda kan kai kashi 10 cikin ɗari, da ɗinkin yara da ragon layya. Mai hikima yakan yi Sallarsa a tsohon gida, ya tashi bayan hidima ta lafa.

Kwashe kaya aikin yini guda ne. Sallama ita ce ke cin kwanaki. A al'adar Bahaushe ba a barin unguwa a ɓoye. Maigida zai sanar da liman da jama'ar masallacin da yake salla, ya leƙa wurin mai unguwa, sannan ya zauna da 'yan majalisarsa. Uwargida kuma za ta bi maƙwabta gida-gida, yawanci bayan magariba. Abin da ake faɗa kusan ɗaya ne ko'ina: zama ya yi zama, wanda aka ɓata wa ya yafe. Su kuma su ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, Allah ya sa an tashi a sa'a. Ba wuya a ga hawaye a wurin matan da suka yi shekaru suna karɓar wa juna haihuwa, domin sabo ake yi wa kuka.

Neman gafara ba ya cika sai an warware lissafi. Akwai littafin bashin mai shago, da kuɗin mai garuwa, da na wutar lantarki da kan zame wa sabon ɗan haya rigima. Akwai turmi ko babbar tukunyar da aka aro tun wani suna. Adashe ya fi duka sarƙaƙiya: wadda ta riga ta kwasa dole ta tsara da uwar adashe yadda zubinta zai riƙa zuwa. Shi ya sa duk wanda ya kwashe kaya cikin dare, ko da gaskiyarsa, sai an ce bashi ya gudar wa.

Sallah tana sauƙaƙa wannan zagaye. Mutane suna gida, yawon Sallah ya zama na bankwana, ƙullin naman layya ya tafi da saƙo. A Jos da Kaduna, inda Musulmi da Kirista ke aika wa juna abincin biki, Kirsimeti ma kan yi wannan amfani. Sai dai wasu maƙwabtan kan tafi garuruwansu yin biki, su dawo su tarar da kwaɗo a ƙofa. Irin waɗannan a fara da su tun kafin su kama hanya.

Yara ne aka fi mantawa. A karɓo musu takardar canjin makaranta da sakamakon jarrabawa kafin a rufe ofis, a kai su su yi sallama da malamin Islamiyya, a kuma bar su su gaya wa abokan wasansu da bakinsu.

A sabon gida akan yi addu'a, a raba sadakar waina ko ƙosai, maigida ya gabatar da kansa ga liman da mai unguwa. Bayan 'yan kwanaki tsofaffin maƙwabta za su zo ganin gida. Daga nan nauyin ziyara ya koma kan wanda ya tashi: idan aka yi suna ko rasuwa a tsohuwar unguwa ba a ga ƙafarsa ba, kiran waya ba zai wanke shi ba.