Idan Jirgin Rimot Ya Faɗo, Mita Ake Fara Ɗaukowa

Duk jirgin sama na rimot da aka taɓa tayarwa, ko na kanti ne ko wanda saurayi ya yanka da hannunsa daga farin soson da ake ƙunshe talabijin da shi, wata rana sai ya faɗo. Masu wannan sha'awa a ko'ina sun yarda da haka, inda suke rabuwa shi ne abin da suke yi bayan sun tsince tarkacen. A gari irin Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun ta jihar Jigawa, filin tashi kyauta ne, domin da zarar an kwashe amfanin gona sai ƙasa ta buɗe fayau. Kayan cikin jirgin ne ba kyauta ba. Sai an nufi Kano, ko a yi oda daga Sin a zauna jiran makonni, farashin kuma yana bin dala. Duk da haka kurakurai biyu ne suka fi yawa. Wani ya liƙe gangar jikin da gam ya sake cilla jirgin sama, wani kuma ya tattara kayan lantarkin ya watsar ya sayo waɗanda suka fi su ƙarfi. Dukansu biyun sun tsallake tambayar da ta fi kowace muhimmanci: me ya kayar da jirgin? Ra'ayina shi ne ba a saye ba a ƙara komai sai an amsa ta, kuma amsar ba ta fi ƙarfin mitar awon wuta da ke teburin mai gyaran waya ba.

Abubuwa biyar ne a cikin irin wannan jirgi. Akwai batir, wanda yawanci samfurin LiPo ne, ɗan uwan batirin wayar hannu. Akwai moto mai juya farfela, wanda wayoyi uku ke shiga cikinsa. Tsakanin batir da moto akwai wani ɗan allo da ake kira ESC, shi ke rarraba wuta ga wayoyin ukun bi da bi don ƙara gudu ko ragewa. Sai risiba mai kama saƙon rimot, sai kuma ƙananan injuna da ake kira sarbo, masu jan reshen fiffike da na wutsiya don jirgi ya karkata ko ya ɗaga kai. Abin da sabon shiga bai cika lura da shi ba shi ne risiba da sarbo ba sa shan wuta kai tsaye daga batir. Batir mai ɗaki uku yana ba da bolt 12.6 idan ya cika, su kuwa wajen bolt 5 suke buƙata, saboda haka wani ɗan sashe a cikin ESC ne ke rage musu wutar. Wannan sashe da ba a ganinsa ya kayar da jirage masu yawa da aka ɗora wa iska laifin faɗuwarsu.

Ga yadda abin ke faruwa. Sandar da ke jan reshen wutsiya ta ɗan lanƙwashe, ko ƙura ta cushe mahaɗarta, sai sarbo ya riƙa kokawa da ita. Ƙaramin sarbo mai nauyin giram 9 idan ya cije yakan ja wutar da ta haura rabin amfiya, jirgi kuma yakan ɗauki uku ko huɗu. Sashen rage wutar ya yi zafi, wutar ta faɗi ƙasa da abin da risiba ke iya aiki da shi, risiba ya mutu na ɗan lokaci ya sake kunnuwa. A wannan tazarar mai jirgi yana ta murza sandar rimot babu amsa, kafin ya ankara hancin jirgi ya soke ƙasa. Idan ya je ya ɗauko shi zai tarar komai yana aiki lafiya, don allon ya huce. Wanda ya liƙe jikin ya sake tashi zai sake faɗowa a wannan ramin. Wanda ya sayo babban moto ya ƙara wa ESC zafi, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Shi ya sa aikin farko tun a fili ake yinsa, kafin a taɓa komai: shin filogin batir yana haɗe ko ya zare, ESC yana da zafi ko wari, fitilar risiba tana tsaye ko tana ƙiftawa, kuma a daƙiƙun ƙarshe jirgin ya daina amsawa ne ko matuƙin ne ya ruɗe? Lalacewar da faɗuwa ta jawo daban, wadda ta jawo faɗuwar daban, kuma ta biyun ake nema.

A gida, abu na farko a kwance farfela. Moton da ya tashi ba zato yana iya tsage yatsa, kuma ba wani gwaji da ke buƙatarta a jiki. Sai a juya moto da hannu a saurara. A ƙasar tsakiyar Jigawa mai rairayi wannan mataki ya fi muhimmanci, don a cikin moton akwai maganaɗisu, yana zuƙar ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin yashi ya riƙe gam. Idan aka ji ƙaras-ƙaras, sai a zare ɗan makullin da ke bayan sandar moton, a raba moton biyu, a share da buroshin haƙori, a bi maganaɗisun da salatif a ɗebe baƙin garin. A mirgina sandar a kan gilashi, in ta lanƙwashe za ta riƙa tsalle. Daga nan sai mita: a auna tsakanin wayoyin uku bibbiyu, awon uku su zo daidai da juna, kuma kada ko ɗaya ta nuna haɗuwa da ƙarfen jikin moton. Sarbo kuwa, a cire wuta a juya hannunsa a hankali, in haƙori ya karye za a ji ya zame ko ya tsallake. Eriyar risiba ita ma a dube ta da kyau. Rimot na yanzu yana aiki ne a kan zangon gigahaz 2.4, kuma ɗan siririn bakin wayar nan da aka fere, mai tsawon kusan milimita 31, shi kaɗai ne ke kama saƙo. In ya guntule ko ya tsinke daga ciki, jirgi zai amsa a tsakar gida ya ƙi amsawa daga nesa.

Duk wannan ba sabon ilimi ba ne a wajen masu sana'ar hannu. Mai gyaran waya a Dutse ko Jahun, ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, kullum yana bin layin wuta da mita, yana gane dalmar da ta tsage da ido, yana wanke allo da sifirit. Mai gyaran fanka yana kwance kwayil ya ƙirga zagayen waya ya sake naɗawa, moton jirgi kuma haka ake naɗa shi. Abu ɗaya ne ya kamata a gaya wa mai gyaran waya: wayoyin batir da na moto suna ɗaukar amfiya 20 ko 30, kauri gare su, ƙaramin ayan ɗin da yake liƙa kayan waya da shi ba ya gasa su sosai. Dalmar da ba ta narke ta shige cikin zaren waya ba takan fito a dunƙule, ba ƙyalli, ta riƙe a kan tebur ta saki a sama idan jijjiga ta yi yawa.

Za a ce kayan da ya sha ƙasa ba abin yarda ba ne, kuma jirgi ba rediyo ba ne da in ya mutu zai zauna inda yake, yana iya faɗowa kan yaro ko rufin ɗaki. Maganar tana da gaskiya, kuma akwai wurin da na yarda da ita ɗari bisa ɗari, wato batir. Batirin LiPo ba shi da ƙarfen kariya, leda ce mai aluminiyam ta naɗe siraran faifai. In ya lotsa, ko ya huje, ko ya kumbura, faifan na iya haɗewa daga ciki, wuta ta tashi bayan awoyi, wataƙila da tsakar dare. Duniya ta ga irin wannan a 2016 lokacin da Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda batirinta na kamawa da wuta. Don haka batirin da ya faɗo a ajiye shi waje, a kan yashi ko cikin tukunyar ƙasa, nesa da zana da kara, a sa masa ido. In bai canza siffa ba, a auna kowane ɗaki shi kaɗai: cikakke bolt 4.2 ne, bai kamata ya sauka ƙasa da bolt 3 ba, kuma ɗakunan su yi kusa da juna. Wanda ya kumbura ba a huda shi a fitar da iska, ba a danne shi da dutse, ba a kai shi shagon cajin waya. Amma wannan hujja ba ta hau kan sauran kayan ba. Moto da sarbo da ESC ana iya gwada su a ƙasa har a gamsu: a ɗaure jirgi, a mayar da farfela, a tsaya bayanta, a ba shi wuta na minti biyu ko uku ana motsa dukkan sarbo lokaci guda, sannan a taɓa a ji zafi. Sabon kaya da ba a gwada ba bai fi tsohon da ya ci wannan jarrabawa aminci ba.

Masu son ƙari kuma cewa suke tunda an riga an buɗe jirgi, ai lokacin ƙara masa ƙarfi ke nan. Matsalar ita ce kayan a ɗaure suke da juna. Babban moto yana jan wuta da yawa, sai ya nemi babban ESC, shi kuma ya nemi babban batir, nauyi ya ƙaru. Idan nauyin jirgi ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, mafi ƙarancin gudun da zai iya tsayawa a sama da shi yana ƙaruwa da kusan kashi 10, wato zai sauka da sauri, in ya faɗo kuma ya fi ragargajewa. Wurin daidaiton nauyi ma yana gusawa. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, in aka ɗora shi a kan yatsu biyu wajen kwata zuwa sulusin faɗin fiffiken daga gaba, ya kamata ya tsaya ko ya ɗan sunkuyar da hanci. Gam ɗin da aka zuba a wutsiya ma kaɗai yana iya ɓata wannan, jirgin da bayansa ya yi nauyi kuwa ba ya jin magana. Ƙarin da ya cancanta shi ne wanda binciken ya nuna. In wutar risiba ce ta faɗi, a sa mata ɗan allon rage wuta na daban. In ESC ne ya yi zafi, a sayi mai rarar ƙarfi a buɗa masa hanyar iska, domin a bazara zafin Jigawa yana haura digiri 40, abin da ya wadatar a ƙasar sanyi a nan yana gab da ƙonewa. Sarbo mai haƙoran ƙarfe yana da kyau, sai dai na roba yana karyewa ne ya ceci sauran jiki, na ƙarfe kuwa yakan tura bugun ga reshen da yake ja. Ƙarin da ya fi kowanne amfani ko kwabo ba ya ci: a saita risiba ta yadda in saƙon rimot ya yanke, moto zai tsaya da kansa, a kuma gwada ta hanyar kashe rimot jirgi yana ƙasa ba farfela.

Akwai kuma dattijon da zai ce duk wannan wahala a kan abin wasan yara. Tsarin nan na batir da moto da sarbo da saƙon rediyo shi ne a cikin jiragen kamfanin Zipline da suka fara kai magunguna asibitocin jihar Kaduna a 2022, bambancin girma ne da ƙarin kwamfuta mai tuƙi. Rundunar sojan sama ta Najeriya ta ƙaddamar da jirginta maras matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna a watan Fabrairun 2018. Tun a 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic da tsofaffin ƙarafa, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. Hannu da himma ba su taɓa ƙaranci a Arewa ba. Abin da ke mayar da mai ƙirƙira injiniya shi ne ɗabi'ar aunawa da rubuta dalilin kowace gazawa, kuma jirgin soso yana koyar da wannan da araha fiye da kowane aji.

Kafin tashin farko bayan gyara, a yi gwajin nisa: yawancin rimot suna da maɓallin rage ƙarfin saƙo, a danna shi a ja baya taku talatin, wani ya tsaya kusa da jirgi ya ga ko rassan suna amsawa ba gargada. A tabbata kowane reshe yana juyawa ɓangaren da ya dace, don filogin sarbo biyu kan sauya wuri wajen mayarwa. A zaɓi safiya kafin iska ta taso, a nisanci gidaje da kasuwa da wayoyin wuta. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta sanar tun a watan Mayun 2016 cewa tayar da jirage marasa matuƙa yana buƙatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka mai jirgi ya nemi sanin matsayin nasa, ya sanar da mai unguwa da jami'an tsaron yankinsa, kuma ko kusa kada ya doshi filin jirgin sama na Dutse.