Yadda Ake Canza Lagireton Tsohuwar Mota a Gida

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Bagudo, ta haye Kogin Kwara ta gadar Tuga zuwa Ka'oje da Tsamiya a cikin watan Afrilu, ya saba ganin mota tsaye a bakin hanya, bonet a buɗe, tururi yana tashi. Fasinja sun fake a gindin itace, yaron mota kuwa ya ɗauki galan ya tafi neman ruwa. Sau da yawa laifin ba na injin ba ne, na lagireto ne, watau wannan tankin ruwa mai kama da saƙar zuma da ke gaban injin.

Zan yi misali da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, gama ita ce muka fi sani. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, a 1975 kuma aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna. An daɗe da daina yin ta, saboda haka wanda ke da ita yau tsohuwa yake riƙe da ita. Amma abin da zan faɗa ya shafi kusan kowace tsohuwar mota mai shan ruwa.

Bari mu fara da aikin lagireto, domin 'yan ajin kimiyya su ga abin da suke karantawa a littafi yana nan a ƙofar gida. Man da ke ƙonewa cikin injin ba duka yake zama gudu ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa zafi ne da ruwa zai kwashe. Famfon ruwa, wanda fambel ke juyawa, yana tura ruwa ya zaga cikin injin ya ɗebi zafi, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto. Can sai ya rarrabu cikin ƙananan bututu masu yawa, iska ta bi ta tsakaninsu ta sanyaya shi, sa'an nan ya koma injin ta tiyon ƙasa. Marfin lagireto ma ba marfi ne kawai ba. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a tukunya buɗe, amma in an toshe shi aka ƙara masa matsi kamar ba ɗaya, sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa. Wannan ne aikin sifirin da robar da ke cikin marfin. Wanda ya ɓatar da marfi ya toshe bakin da tsumma ya rage wa motarsa wannan rata ke nan.

Me ke kashe lagireto a ƙasarmu? Na farko ruwan da muke zubawa. Ruwan kogi da na fadama yana da laka, na rijiya da yawa kuma yana barin farin dutse kamar wanda ake gani a gindin butar shayi. Waɗannan su ke toshe bututun a hankali. Sai tsatsa, sai girgizar hanya mai fasa dalma. Akwai kuma maganin da ya fi ciwon muni. Na sha ganin direbobi suna zuba garin kwaki, ko ɗanyen ƙwai, ko garin taba, wai don su toshe yoyo. Lalle yakan toshe, ya kai mutum gida. Amma garin bai san ramin yoyo daga ramin aiki ba, duka yake toshewa.

Kafin ka kashe kuɗi, ka tabbata lagireton ne ke da laifi. Fambel da ya saki, ko famfon ruwa da ya mutu, ko marfi da robarsa ta tsage, kowannensu yana sa mota ta yi zafi. In kuwa ka ga man injin ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa yana ta tasowa a bakin lagireto sa'ad da injin ke aiki, ko farin hayaƙi ba ya yankewa a salansa, to gasket ɗin kan injin ya ƙone. Wannan ba aikin gida ba ne, sabon lagireto kuma ba zai warkar da shi ba. Kan injin 504 na alminiyam ne, zafi mai yawa yana tanƙwara shi, shi ya sa tsayawa da wuri ya fi ƙarasawa gari da ƙarfin hali arha. Alamar lagireto da ya gama aiki kuwa ita ce koren tsatsa a inda aka yi dalma, fukafukan da ke ruɓewa in an shafa, da wurare masu sanyi a jikinsa alhali injin yana da zafi. Sai an kashe injin za a taɓa, saboda fanka.

Wajen saye, hanya uku ce. Akwai sabo, akwai na Kwatano, akwai kuma kai tsohon wurin mai gyaran lagireto ya kwance tankunan ya tsokace bututun ko ya sa sabuwar saƙa. Lagireton tsofaffin motoci na tagulla ne, yana karɓar dalma, ana iya gyara shi sau da yawa. Na motocin baya-bayan nan alminiyam ne da tankin roba, in ya fashe yawanci sai dai a canza. Mu da ke kusa da iyakar Benin mun san kayan Kwatano, wani yana da kyau ƙwarai, wani kuwa fenti ne kawai aka shafa wa gawa. Ni kaina na taɓa sayen irin wannan, baƙi wul yana ƙyalli, kwana uku ya fara ɗiga. Tun daga ranar ba na biya sai na gwada. Ka toshe bakunan, ka nutsa shi a baho, ka hura iska kaɗan da famfon keke. In kumfa ya fito, akwai rami. Sa'an nan ka tsai da shi ka cika da ruwa, ka saki bakin ƙasa. Mai lafiya yakan zubar da ruwan gaba ɗaya da ƙarfi, toshesshe kuwa sai ya yi ta tsiyaya. In za ka aika a sayo maka daga Birnin Kebbi, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka haɗa da tsohon, domin a gwada tsawo da faɗi da inda bakunan suke.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana ƙanana, musamman lamba 10 zuwa 13, sukudireba, filaya, baho, mazurari da tsumma. Ka sayi sababbin tiyo biyu da maɗaurinsu da sabon marfi, gama ba su kai kuɗin lagireto ba, su ne kuma suka fi ba da kunya a hanya.

A yi aikin da sassafe, bayan motar ta kwana. Ina roƙon ɗalibai su riƙe wannan ko da sun manta sauran: kada a buɗe marfin lagireto injin yana da zafi. Ruwan da ke ciki zai iya wuce digiri 100, da zarar an saki matsin sai ya zama tururi ya yi tsalle zuwa fuska da hannu. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan.

Da fari ka cire wayar batir ta baƙi. Ka sa baho a ƙasa, ka buɗe marfi, ka kwance makunnin zubar da ruwa in akwai, in babu ka saki tiyon ƙasa. 504 tana ɗaukar kusan lita 8, saboda haka ƙaramin kwano ba zai isa ba. Sai tiyon sama da siririn bututun ambaliya. In tiyo ya manne, kada ka sa sukudireba ka yi ta ɓanɓara, za ka lotsa bakin. Ka murɗa shi a hankali, ko ka tsaga shi da wuƙa tun da za a canza. Mota mai fankar lantarki tana da waya da za a zare. Mai canza giya da kanta kuma tana da ƙananan bututun mai guda biyu da ke shiga lagireto, a kwance su a toshe don kada ƙura ta shiga. Bayan haka ka kwance notunan da ke riƙe da shi, ka tara su a gwangwani, ka ɗaga shi sama sak, kada ya gogi fanka. Ka lura da robobin da yake zaune a kai. Su ke shanye girgiza, in sun mutu sabon ma zai fashe.

Yanzu da gaban injin yake a fili, kada ka yi gaggawa. Ka zuba ruwa mai tsabta ta sama har wanda ke fita ya daina ja. Ka kama fanka ka girgiza. In tana lilo ko akwai alamar ɗigo a ƙarƙashin famfon ruwa, shi ma ya kusa. Ka danna fambel da yatsa, kada ya lotsa fiye da wajen santimita ɗaya.

A nan ne nake saɓa wa makanikai da yawa. Akwai wani ɗan ƙarfe a inda tiyon sama ya haɗu da injin, ana kiransa tamostat. Ƙofa ce da ke rufe sa'ad da injin ke da sanyi, ta buɗe in ya ɗumama. Al'ada ce a cire shi a yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda ba. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, balle da safiyar hunturu, yana shan mai da yawa yana kuma saurin cinyewa. Gwajinsa ma mai sauƙi ne. Ka sa shi a tukunya da ruwa bisa wuta; ya kamata ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, a digirin da aka buga a jikinsa. In bai buɗe ba, a sayi wani.

Mayarwa ita ce bin sawun kwancewa. Ka zaunar da lagireton bisa robobinsa, ka ɗaura notuna ba da ƙarfin tsiya ba, ka juya fanka da hannu ka ga ba ta taɓa kome. Maɗaurin tiyo ya zauna bayan ƙullin bakin bututu. Sa'an nan ka zuba ruwa a hankali. Abin da ya fi shi ne ruwan sanyaya injin da ake sayarwa a galan, a gauraya yadda aka rubuta a jiki. Mu ba mu da ƙanƙara, amma yana hana tsatsa. In babu, ruwan sama da aka tace ya fi na rijiya. Wannan ruwa mai launi yana da zaƙi, dafi ne kuwa. Kada a bar shi a buɗe inda yara ko awaki ko kaji za su kai, kada kuma a zubar kusa da rijiya.

Ka mai da wayar batir, ka ta da injin da marfi a buɗe, ka buɗe hita in tana aiki. Za ka ga kumfa yana fita, ruwa yana sauka, ka yi ta ƙarawa. Sa'ad da tiyon sama ya yi zafi, tamostat ya buɗe ke nan. Ka cika, ka rufe marfi, ka zaga gari kaɗan idonka yana kan allurar zafi. Da ka dawo ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana a kai. Da safe kwalin zai gaya maka ko akwai ɗigo, ka kuma duba ruwan ka ƙara, ka sake ɗan matse maɗauran tiyo, gama sabuwar roba takan saki bayan zafin farko.

Tsohon lagireton kuwa kada ka bar wa 'yan gwangwan a banza. In na tagulla ne, a auna shi a sikeli kafin a yi ciniki, ko ka ba mai gyara ya sa masa sabuwar saƙa ka ajiye.