Shago a Cikin Waya

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau kasuwa za mu shiga, amma kasuwar da ba ta da rumfa: wadda malamar asibiti ke ci bayan ta tashi daga aiki, ɗalibi ke ci tsakanin lacca da lacca, matar aure ke ci tana zaune a ɗakinta. In wayarka na kusa, leƙa sitatus ɗin WhatsApp. Da wuya ka wuce mutum biyar ba ka ci karo da atamfa ko abaya ko turaren wuta ko kayan kicin ba. Farawa ba wuya, shi ya sa kowa ya fara. Abin da za mu bi diddiginsa yau shi ne, me ke sa sana'ar wani ta bunƙasa, ta wani kuma ta shekara biyu tana nan jiya i yau, har mai ita ya gaji ya watsar?

Ciniki daga cikin gida dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wata baturiyar Ingila mai nazarin tattalin arziki, Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan cinikin da matan Hausawa ke yi ba tare da sun taka kasuwa ba, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Yara ke kai talla, dillaliya ke shiga gida-gida da ƙunshin zannuwa da kwanuka. Yau waya ta karɓi aikin 'yar talla. Sai dai dillaliya an san fuskarta, an san gidanta. In zane ya zuba, an san ƙofar da za a je a yi sallama. Mai sayarwa ta waya kuwa, hoto da lambar asusu kawai mai saye yake gani, kuma ana so ya tura kuɗi kafin ya taɓa kaya. Manyan kamfanoni ma sun sha fama da wannan. Lokacin da Jumia ya fara a Legas a 2012, da tsarin sai kaya sun iso hannunka ka biya ya jawo mutane, don ba mai yarda ya biya abin da bai gani ba.

Abin da ya horar da jama'a a kan tura kuɗi ta waya, wahala ce. Kun tuna farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo? Mai shayi, mai kayan miya, ɗan adaidaita sahu, kowa ya koyi karɓar tiransifa, asusun OPay da Moniepoint da PalmPay suka shiga lungu da saƙo. Wannan ya buɗe wa masu sayarwa ta intanet ƙofa wagegiya. Ya kuma buɗe wa 'yan damfara, masu turo hoton rasit na bogi suna cewa netwok ne ya riƙe kuɗin. Wanda aka taɓa yi wa sau ɗaya ya san dokar: kaya ba sa fita sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, mu zo inda gizo ke saƙar, wato lissafi. A nan ne yawancin waɗannan sana'o'i ke mutuwa, kuma mai sana'ar shi ne na ƙarshen sani.

Ga misali, kuɗin da zan ambata na kwatance ne. Wata Hajiya ta shiga kasuwar Kantin Kwari a Kano ta saro turmin atamfa goma, kowanne naira 12,000. Ta sa musu 14,000. A ranta, ribar 20,000 ke nan ta samu. Bari mu bi sawun kuɗin. Akwai adaidaita sahu zuwa da dawowa, da ɗan dakon da ya fito mata da kaya bakin titi, da ledar da aka ƙunshe kowane turmi, da datar da ta ƙone tana amsa wa masu tambayar nawa ne, waɗanda daga jin farashi sai su yi shiru kamar ruwa ya cinye su. Turmi ɗaya ƙanwar maigida ta ɗauka, sai ƙarshen wata. Ɗaya kuma an dawo da shi, wai launin ba irin na hoto ba ne. Takwas da suka fita sun kawo 112,000, a kan kayan da aka zuba wa 120,000. Ranar da ta koma Kwari, mai shago ya ce, ai Hajiya kaya sun tashi, yanzu 13,500 ne. Kuɗin hannunta da ƙyar ya sayi takwas. Wata guda tana jin ƙarar alat tana godiya ga Allah, ashe uwar kuɗi ake ci.

Wannan tashin kaya ba tatsuniya ba ce. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin naira ta nema wa kanta daraja a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Galibin atamfar da ke Kwari a yau daga ƙasar Sin ake shigo da ita, don haka dala na motsawa, turmi na motsawa. Tsofaffin 'yan kasuwa sun san maganin abin tun tuni: ba sa sa farashi a kan yadda suka saro jiya, a kan yadda za su saro gobe suke sawa. Sabon shiga kuwa kunya yake ji, yana ganin kamar ya ci amanar mai saye. Ni a ganina babu cin amana a nan. Wanda ya sayar da kaya a kuɗin da ba zai iya mayar da su ba, kyauta yake yi, bai dai sani ba.

Ma'aikaci mai albashi ya fi kowa faɗawa wannan rami, domin albashi na rufa wa asara asiri. Kuɗin ciniki da na albashi da na cefane duk suna shiga asusu ɗaya, ƙarshen wata ya cike giɓi, sai a ɗauka sana'a na tafiya. A ware wa sana'a asusunta, a sayi littafi mai arha a riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har kuɗin leda. Shi kuma bashi, an ce hanji ne yana cikin kowa, amma jarin da bai wuce turmi goma ba, ba zai iya ɗaukar dangi da ƙawaye ba. Wasu na yanke wa kansu adadin da za su iya bayarwa bashi a wata, in ya cika sai haƙuri.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Sai batun masu saye. Mutane na rububin tara mabiya, har ana biyan masu manyan shafuka su yi talla. Tallar na iya kawo ɗaruruwan lambobi a yini guda, amma a tuna, sitatus ba ya zuwa wa mutum sai ya ajiye lambarki kin ajiye tasa, kuma bayan sa'o'i 24 ya ɓace. Wadda ta saya sau ɗaya ta ji daɗi, ta sa leshin ta je biki aka tambaye ta inda ta samu, ta fi baƙin lambobi ɗari amfani. Ita ce za ta dawo da azumi neman kayan sallah, ta dawo da ƙanwarta lokacin haɗa lefe.

Abin da ke korar irin wannan mai saye, hoto ne. A ɗauko hoton kamfani mai ƙyalli a ɗora, kaya su iso a ga bambanci. Gara ki shimfiɗa atamfar a tsakar gida da hantsi, ki ɗauka da wayarki ba tare da ƙarin kwalliya ba, ki faɗi yadi nawa ne, ki faɗi ko auduga ce ko roba. In akwai tabo, a nuna tabon. Akwai kuma masu tallata kayan da ba su mallaka ba, sai an turo kuɗi su ruga kasuwa. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan sayar da abin da ba ya hannun mutum, kuma mafita sananniya ce a kasuwanninmu: ki fito fili a matsayin wakiliya ko dillaliya, a san la'adarki. Ko ba don hukunci ba, ranar da aka biya ki kika je kika tarar launin ya ƙare, ke ce za ki sha kunya, mai shagon Kwari ko a jikinsa.

Kai kaya ma wani fagen ne. A cikin gari akwai masu babur ɗin kai saƙo. In kuwa Kaduna ne ko Jos ko Abuja, sai tasha, irin su Unguwa Uku a Kano. Wanda ya saba, zai rubuta suna da lambar mai karɓa ɓaro-ɓaro a jikin ƙunshin, ya karɓi lambar direba, ya ɗauki hoton mota da lambarta ya tura wa mai kaya nan take. Kuma tun kafin ciniki ya faɗa ake yanke wa zai biya kuɗin mota, don rabin rigingimun wannan sana'a daga nan suke tashi. Masu abokan ciniki a Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana wata wahalar daban, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024.

Wani abin da ake mantawa: shagon nan na cikin waya aro ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya har kusan sa'o'i shida. Wannan ya wuce. Wanda ke faruwa kullum shi ne a kira ki a waya da murya mai daɗi, a ce za a sa ki a wani zauren tallafi, ki karanto lambobi shida da aka turo miki. Kina karantowa an ƙwace shafin, sai a shiga bin abokan cinikinki ana karɓar kuɗi da sunanki. Waɗannan lambobi shida ba a ba kowa su, ko da ɗan'uwa ne. A kunna makullin sirri na biyu da manhajar ta tanada, a kuma kwafe lambobin masu saye a takarda.

In sana'a ta kai matsayin da oda ke shigowa kana ofis, akwai shawarar da za a yanke. Amsa masu saye a lokacin aikin da ake biyanka albashi a kai, shi ma amana ce ake taɓawa. Wasu na sa ƙa'idar lokaci, daga la'asar zuwa isha, wasu na ɗaukar ƙani ko ƙanwa su riƙa biyansu wani abu a kan kowane ciniki. A wannan mataki ne rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ke da amfani, domin da ita ake buɗe asusun banki da sunan sana'a, kuma baƙon mai saye daga Sakkwato ya fi sakin jiki ya tura kuɗi in ya ga sunan asusu ya yi daidai da sunan shafi. Ajiye aiki kuwa, ba a yinsa don cinikin sallah ya yi kyau. A jira a ga abin da littafi zai nuna a watannin da kasuwa ke kwanciya, bayan babbar sallah da lokacin biyan kuɗin makarantar yara.

Masu sauraro, nan lokaci ya tsayar da mu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)