Ƙarfe Cikin Sanyin Naitrojin: Abin da Ya Tabbata da Abin da Masu Talla Suka Ƙara

A garin Decatur na jihar Illinois, da wasu garuruwan Amurka da dama, akwai kamfanonin da sana'arsu ɗaya ce tak. Ka aika musu da ƙarfe, su rufe shi cikin wani akwati mai kama da firiza, su yi ta sanyaya shi sannu a hankali da tururin ruwan naitrojin har ya doshi digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Su bar shi a nan kusan kwana guda ko fiye, su dawo da shi a hankali, su ɗan ɗumama shi, su mayar maka da kayanka. Ko ka duba shi ciki da bai ba za ka ga abin da ya sauya ba. Duk da haka masu tseren motoci na ta aika faifan birki da haƙoran giya da karanshaf da sifirin bawul, masana'antu kuma na aika wuƙaƙen yankan ƙarfe da bakin na'urar huda, kowa da fatan kayansa su daɗe kafin su cinye.

Tushen maganar yana maƙera. Idan maƙeri ya gasa ƙarfe ya yi jawur, ya tsoma shi a ruwa ko mai, tsarin ƙwayoyin cikinsa ne ke juyewa daga wani fasali mai laushi da masana ke kira ostinait zuwa mai tauri da ake kira matinsait. Sai dai ba kowane ƙarfe ke gama juyewa a nan ba. Wanda ke da kabon da yawa, ko aka gauraya shi da kuromiyam da danginsa, ba ya kammalawa sai sanyi ya sauka ƙasa da sifili, inda ruwan maƙeri ba ya kaiwa. Ragowar ostinait sai ta maƙale a ciki, wani lokaci har kashi 20 cikin ɗari ko fiye. Illarta biyu ce. Ga laushi, sannan tana iya juyewa daga baya ana tsakiyar aiki, kuma da yake matinsait ya fi ta cin wuri, sai ƙarfen ya ɗan kumbura ko ya karkace. Ga boris na injin jirgin sama, ko ƙarfen awo da ake gwada wasu da shi, wannan ɗan motsin ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan ɓangaren ba sabo ba ne, ba kuma a jayayya a kansa. Tun 1937 masanin ƙarfe na Tarayyar Sobiyet, Gulyaev, ya yi rubutu kan sanyaya ƙarfen yanka ƙasa da sifili, kuma masana'antun boris sun daɗe suna kai kayansu wajen digiri 80 ƙasa da sifili, kusan sanyin busasshiyar ƙanƙara. Inda ake sa-in-sa shi ne ko zarcewa zuwa sanyin naitrojin, da jiƙa ƙarfen awanni masu yawa, na ƙara wani abu.

Gwajin da kowa ke kafa hujja da shi na Randall Barron ne, na jami'ar Louisiana Tech, wanda ya fito a 1982. Ya ɗauki ƙarafa iri 19, goma sha biyu daga ciki irin waɗanda ake ƙera kayan yanka da su, ya jiƙa su a matakan sanyi biyu, sannan ya gwada juriyarsu ga goga. Ƙarafan yanka sun ƙara juriya sosai a sanyi mai zurfi, fiye da yadda suka yi a matsakaici. A ƙarfen da ba ya tsatsa, bambancin matakan biyu bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Shi kuwa ƙarfe na gama-gari da ƙarfen zubi, ko gezau. A 1994 wasu masu bincike a Japan suka kawo ƙarin bayani: sanyi mai zurfi na sa wasu ƙananan ƙwayoyin kabaid masu tauri su fito su bazu cikin ƙarfen idan aka ɗumama shi daga baya, kuma a ganinsu su ne ke tare zaizaya fiye da juyewar ostinait ɗin kanta.

To me ya fitar da abin daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa? Da farko dai naitrojin ba tsada. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa shi ne, kuma kamfanonin da ke tace iskar oksijin don asibitoci da masana'antun ƙarfe suna samun sa da yawa a hanya. Sai kuma na'ura. Masu gwajin farko kan tsoma ƙarfe kai tsaye cikin ruwan, bayansa ya takure kafin cikinsa, ya tsage. Lokacin da Ed Busch ya buɗe kamfaninsa na CryoTech a Detroit a 1966, da kuma zuwan na'urorin kwamfuta masu sauke sanyi daki-daki, matsalar tsagewa ta ragu, sana'ar ta zama wadda mai ɗan jari zai iya kafawa a rumbun haya. (Ba wasa ba ce dai: lita guda ta ruwan naitrojin kan koma kusan lita 700 ta iska, ta kore oksijin daga rufaffen ɗaki ba wari ba hayaƙi.)

Amma a ganina filin tsere ne ya yi mata kasuwa, saboda dalilan da ba su da alaƙa da kimiyya sosai. A yawancin rukunonin tseren Amurka doka ta ƙayyade girman inji da irin kayan da za a sa. Wanda aka hana shi sauya ƙarfe zai yi maraba da duk abin da zai ƙara masa ƙarko ba tare da mai duba mota ya ga alama ba. Ga shi kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da farashin giyar da ta fashe ana saura zagaye uku a gama. Kuma direban da giyarsa ta kai ƙarshen kaka lafiya ba zai zauna tantance ko sanyin ne, ko sabon mai, ko shi ne ya rage gaggawar sauya giya ba. Zai gaya wa na kusa da shi, shi ma ya aika nasa.

Daga nan aka wuce gona da iri. Aka shiga daskarar da reza, da sandar golf, da bututun bindiga, da wayoyin rediyo, da kakakin tagulla na makaɗa. A 2003 masu bincike a jami'ar Tufts sun gwada irin waɗannan kakaki, daskararru da waɗanda ba a taɓa ba, ba su sami bambancin da za a dogara da shi ba. Bambancin da ke tsakanin mabusa ya fi yawa. Faifan birki ma, wanda yake cikin kayan da aka fi tallatawa, yawancinsa ƙarfen zubi ne da kusan babu ragowar ostinait a cikinsa, irin wanda Barron bai ga sauyi a kansa ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun saɓa wa juna a kansa. Masu sana'ar kan ce sanyin na sassauta ɗaurin da ke cikin ƙarfe tun daga zubi, wannan kuwa hujja ce da ta fi wuyar aunawa.

Akwai kuma abubuwan da takardar talla ba ta cika faɗa ba. Ragowar ostinait ba kullum take aibi ba. A wasu haƙoran giya da boris da ke aiki cikin mai mai datti, injiniyoyi da gangan suke barin ta, domin laushinta na shanye duka yana hana tsaga yaɗuwa; ka kawar da ita duka, ka sami tauri, ka rasa jimiri. Lokaci ma yana da muhimmanci. Sanyin ya fi tasiri idan an yi shi nan take bayan tsomawa, kafin ɗumamawa, domin ostinait da ta jima a zaune takan kafe ta ƙi juyewa. Mai tsere kuwa kayan da ya sayo a kanti yake aikawa, waɗanda aka gama da su watanni da suka wuce. Saboda haka idan aka ce wani ƙarfe ya ninka ƙarkonsa sau uku bayan daskarewa, abin da ya fara zuwa raina shi ne tun asali ba a gasa shi da kyau ba, sanyin gyaran kuskuren wani ya yi.

Har yanzu kowane kamfani da nasa tsarin: wani awa 20, wani 24, wani 36, kowa da saurin saukarsa da zafin ɗumamarsa, shi ya sa sakamakon wannan ba ya zama hujja ga wancan. Masana'antar da ke huda farantin ƙarfe tana da mafita, domin za ta iya raba kayan huda na zubi ɗaya gida biyu, ta daskarar da rabi, ta ƙirga ramukan da kowanne ya huda kafin a wasa shi. Inda lissafin ya nuna riba, ba a farashin bakin hudar take ba, tana cikin awannin da inji bai tsaya ana sauya shi ba.